Gyara Uku A Rumfar Hadijatu

Masu karatu, ku matso kusa, yau ba zan yi wa kaina kwalliya a gabanku ba. Abin da na aikata zan faɗa, ni Amatullah 'yar Hajo mai waina ta tashar motar Daura. Duk wadda ta taɓa hango saurayinta yana suɗe yatsa a rumfar wata, ita ce za ta fahimce ni. Sauran ku yi ta zagina, na yafe.

A kan gyara komai ya tashi, don haka da shi zan fara. Da can, in mutum ya sayi waina goma a wajen Innata, sai ta ɗora masa ɗaya ko biyu a sama ta ce, "Ga gyara." Ba sai ya roƙa ba, haka kowa ya taso ya gani. To da kaya suka yi tsada, gyara ne ya fara mutuwa. Shinkafa ta tashi, man gyaɗa ya tashi, gawayi ya tashi, har ledar da muke ƙulle waina a ciki sai da ta ɗaga kai. Wainar naira ashirin ta koma hamsin. Inna ta ga in ta sake ƙarawa direbobi za su watse, sai ta shiga kasuwa ta sayo sabuwar tanda mai ƙananan ramuka. Bayan wata biyu kuma ta fara sirka ƙullun da tsakin masara, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, kamar mai haɗa maganin da ba a son maƙwabta su gani.

Su kuwa direbobi bakinsu ba ya ajiye komai.

"Hajo, wannan waina ce ko maɓallin riga?"

"Ba a taunawa," in ji ɗan kamashon motar Kano. "Haɗiyewa ake da ruwa, biyu da safe biyu da yamma."

Inna ko ɗago kai ba ta yi. "Ka rage kuɗin motar Katsina, ni ma in ƙara mata girma."

Ranar da tiyar shinkafa ta yi tsallen da ya sa Inna ta zauna a kan turmi tana salati, ranar ta kafa doka. Ta dubi tanda ta ce, "Daga yau babu gyara a rumfar nan, ko liman ne ya zo." Da ni take. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi min magana ido cikin ido in maganar mai nauyi ce. Tanda take gaya wa, ko bango, ko tulu, ni kuma in ɗauka.

Wata uku ina bin dokar nan, sai Harisu ya ɓata min ita.

Harisu mai gyaran babur ne a bayan tasha. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, kuma shi kaɗai ne a duk masu zuwa rumfarmu yake yawo da guntun sabulu a aljihu don ya wanke baƙin man hannunsa kafin ya taɓa abinci. Biyar yake saye kullum. Wata safiya, ban san abin da ya hau kaina ba, na faki idon Inna na kwantar da biyu a ƙasan faranti, na jera biyar ɗinsa a kai, na malale da miyar taushe. Ina juya waina ina satar kallonsa. Ya ci ya ci, ya kai ƙasa, hannunsa ya tsaya. Bai ɗago ba. Farantin ya yi wa murmushi.

Da la'asar saƙo ya shigo wayata.

"Na tsinci wani abu a ƙarƙashin miya."

Na rubuta, "Kuskure ne."

Ya ce, "Allah Ya ƙara miki kuskure."

Shekara ɗaya ke nan ina kuskure kullum safiya. Ku 'yan birni da ake kai muku turare da agogo, ku yi dariya in kun ga dama. A wannan zamanin, macen da ta saci waina biyu daga tandar uwarta ta ɓoye wa namiji, ta gama faɗa masa duk abin da ke ranta.

Ana haka Baffa Mainasara, ƙanin marigayi mahaifina, ya zo gidanmu ran Juma'a da babbar rigarsa mai ruwan toka. Ya ƙi zama a tabarma, ya tsaya a bakin zaure ya ce yarinya mai shekara ashirin da biyu ba ta ci gaba da zama a tsakiyar direbobi. Bayan Babbar Sallah ko in fito da wanda nake so ya turo, ko in bar tasha in zauna a gida. Na tura wa Harisu maganar kaf, har da yadda Baffa ya buga sanda a ƙasa. Kun san amsar da ya ba ni?

"To."

Shi ke nan. Harafi biyu. Na juya wayar na duba bayanta ko sauran ya maƙale.

Ran Litinin na kwantar da biyunsa a faranti, na jira. Bakwai ta wuce, takwas ta wuce. Na ɗaga kai don in share hayaƙi a idona, sai ga mutumina a ƙetaren layi, a kan kujerar roba, a rumfar Hadijatu.

Bari in gaya muku wace ce Hadijatu. Bazawara ce, bara ta dawo daga Kano, ta kama rumfar da ke kallon tamu ta sa aka shafa mata shuɗin fenti. Kujerun roba, akwatin gilas, cokula a cikin ruwan zafi. Hijabinta mai bakin leshi ne, lallen hannunta bai taɓa koɗewa ba, kamar ba ita ke wanke tukwane ba. Wainarta fara tas, manya, naira ɗari ɗaya ɗaya. Abin da na lura da maza shi ne, wanda zai tsaya ya yi wa Inna wa'azi a kan hamsin, shi ne zai ƙetara ya miƙa ɗari yana washe baki yana cewa "Allah Ya sa albarka, Hajiya." Hajiyar da ko iyakar Nijar ta Kongolam ba ta taɓa ƙetarawa ba.

Da ma a ce ya juya min baya. A'a. Kujerar bakin rumfa ya zaɓa, ya fuskanci tandarmu, yana ci yana kallona. Na ƙona waina shida a jere. Inna ta dubi tanda ta ce, "Wasu dai yau gawayi suke soyawa."

Na rubuta masa, "Hanya ka ɓata?"

"Akwai dalili. Ki yi haƙuri."

"Dalilin mai bakin leshi?"

Ya turo hoton fuska mai dariya. Dariya!

Talata haka, Laraba haka. Da safe zai zo ya tsuguna can nesa da rumfarmu, ya cire hula ya gaida Inna, "Inna ina kwana, ya sanyi," ta amsa tana kallon gefe, sannan ya miƙe ya ƙetara. Na ce a raina, wato har sai ya zo ya nuna mana ƙafafun da zai tafi da su. Kwana tara ina haɗiyar wannan. Na rame har zoben azurfata ya fara juyawa a yatsa.

Ƙawata Hussaina ce ta ƙarasa ni. Ta turo saƙon murya, ana jin tana tauna wani abu.

"Ke Amatullah, ba gulma ba, mijina ya ce ya gani da idonsa. Gyara take sa masa. A sama fa, ba a ɓoye ba. Ke kina nan kina ɓoye biyu a ƙarƙashin miya kamar ɓarauniya."

Na saurara sau huɗu. Sannan na rubuta, "Ki ara min niƙabinki."

Ran Laraba ta biyu na ce wa bango kaina na ciwo, Inna ta ce wa tulu wanda kansa ke ciwo ya kwanta. Tana fita na tashi. Na sa doguwar riga baƙa, na zura hijabin Hussaina mai ruwan ƙasa wanda ke jan ƙasa, na ɗaura niƙabi, har safar hannu na sa don kar a gane ƙunar tanda da ke bayan hannuna. Na zagaya ta layin masu shayi na ɓullo rumfar Hadijatu kamar baƙuwar da ta sauko daga motar Zango.

Yana nan a kujerarsa, da hularsa ta ranar Juma'a, a ranar Laraba. Wannan ma na ajiye shi a raina. A ɓangaren mata, bayan 'yar tabarmar da aka rataya ta raba mu da maza, wata tsohuwa ce kaɗai a zaune, 'yar ƙarama, da atamfa mai ganye ganye da carbi a wuya. Sai miƙa wuya take tana leƙen ƙetaren layi, wajen rumfarmu. Na ɗauka mota take jira.

Na shaƙe murya na ce, "A ba ni biyu."

Hadijatu ta zuba min biyu cif.

"Babu gyara?"

Ta yi wata dariya mai ƙarar mundaye. "Baiwar Allah, daga wace ƙasa kika sauka? Gyara a wannan zamanin? Ai sai dai a ba jikoki labari."

Na ɗaga gefen niƙabi na gutsura. Masu karatu, zan faɗi gaskiya ko da za ta kashe ni: wainar nan ta yi daɗi. Laushi kamar auduga, gefenta na ƙaras ƙaras, ɗan tsamin nan daidai, ba ɗigon masara. Irin wainar Inna ce ta shekara uku da suka wuce, wadda mutane ke tsayar da mota su saya su kai Katsina. Da ta yi ɗaci da na samu sauƙi. Ina taunawa hawaye na jiƙa niƙabin mutane.

Sai na ji muryarsa. "A ba ni biyar."

Ta jera biyar a wani faranti shuɗi wanda ban ga an ba kowa irinsa ba. Sannan ta sa tsinke ta cako ɗaya ta ɗora. Ta cako ta biyu. Ta ɗan tsaya, ta gyara zaman hijabi, ta cako ta uku.

"Ga gyara, Injiniya."

Injiniya! Mutumin da ke kwana da ƙamshin baƙin mai!

Ban san lokacin da na fizge niƙabin ba.

"Ashe gyaran bai mutu ba, zaɓen mai ci yake!"

Harisu ya miƙe, farantin ya kusa kifewa. Hadijatu kuwa ko gezau. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Au, 'yar Hajo ce? Ai da kin faɗa da na sa miki. Ki kai wa Innarki ta tuna ɗanɗanon shinkafa."

Nan na manta da tasha, na manta da Baffa, na manta 'yan Hisba na zagayawa da safe. Na ce mata wadda ta kasa riƙe nata mijin ita ce ke tara na mutane da waina. Na ce fentin rumfa ba ya rufe hali. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba, don akwai yara a cikinku. Masu shayi suka bar shayi, ɗan kamasho ya bar kiran Kano.

Tsohuwar nan ta ja gefen hijabina. "Yarinya, mayar da abin fuskarki, ki haɗa da bakin."

Na fizge. "Iya, ba da ke nake ba. In haƙoranki sun gama da wainar ki tashi ki nemi motarki."

Harisu ya ajiye farantin.

"Amatullah," in ji Harisu, muryarsa can ƙasa. "Gwaggona ce."

Tsohuwar ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya da gefen zane, ba gaggawa. Ta dube shi.

"Ita ce?"

"Ita ce, Gwaggo."

"To. Tun safe nake leƙe ban ganta ba. Yanzu na ganta, na kuma ji ta."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba. Na tarar da takalmi ɗaya a ƙafata.

Inna ta dawo da azahar, ta sauke tanda, ta yi alwala, ta yi salla, duk ba ta dubi inda nake ba. Sannan ta zauna a ƙofar ɗaki ta fuskanci bango.

"Kwana goma da suka wuce," ta ce wa bangon, "magabatan wani yaro suka je wajen Mainasara da goro. Ni dai ban san wane ɗan mutunci ne zai tura iyayensa neman 'yar mutum, kashegari kuma ya zo ya zauna a gaban uwarta yana buɗe baki yana tura waina ba. Yaron ya san kunya. Ya cire hula, ya tsuguna daga nesa, ya tafi ya ci abincinsa inda surukarsa ba za ta ji motsin bakinsa ba. Ko akuyar gidan nan ta gane. Saura mutum ɗaya."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta juya ga tulu. "Ji min. Ni zan zauna in yi zancen aure da 'yar fari."

Na shige ɗaki na jawo waya na rubuta wa Harisu.

"Don me ba ka gaya min ba?"

"Baffanki ya ce kar a yi magana sai Gwaggo Talatu ta zo daga Zango ta gan ki. Ita ta raine ni tun ina shekara biyu. In ta ce a'a, babu wanda zai sake kai goro."

"To rumfa goma sha ɗaya ce a layin. Don me sai tata?"

"Daga kujerar nan kaɗai ake hango tandarku."

Na kifa wayar a ƙirji na yi kuka mai daɗi da ɗaci a haɗe. Amma ku mata kun san halinmu. Kukan bai bushe ba na sake ɗauka.

"Gyara ukun fa?"

Ya karanta. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Har aka kira magariba babu abin da ya shigo.

Kashegari Inna ta ce wa bango yau babu mai ciwon kai a gidan nan. Na sa atamfata mafi sauƙi da farin hijabi, ko kwalli ban sa ba, na bi ta a baya. Duk wanda ya zo sayen waina sai ya dube ni ya danne dariya. Wajen ƙarfe takwas na ga atamfa mai ganye ganye ta tsaya a gaban tanda.

Na zube a ƙasa. "Gwaggo, ina kwana. Gwaggo, don Allah..."

"Tashi ki zuba min goma. Ban zo gaisuwa ba."

Ita da Inna suka gaisa gajere, kowa na kallon gefe. Na zuba goma a leda. Ta ɗauki ɗaya ta ɓara biyu, ta shinshina, ta murza tsakiyar da yatsa.

"Da masara."

Ga direbobi uku a kan benci, kunnuwansu a tsaye. Fiye da shekara guda Inna na rufe ƙofa don kar a ji kalmar nan.

Inna ta ajiye tsinke. "Da masara, Hajiya. Kashi ɗaya cikin uku."

Gwaggo ta ɗan dube ta, sai na ga gefen bakinta ya motsa. "Gara da kika faɗa. Mu a Zango rabi da rabi ake yi, kuma a rantse maka babu." Ta miƙa kuɗi, sannan ta buɗe bakin ledar ta riƙe a gabana. "Ina gyarana?"

Na dubi tanda. Na dubi Inna. In na sa, na karya dokar uwata a gabanta. In na hana, na hana matar da aurena ke hannunta. Na ɗauki tsinke na tsaya da shi a hannu.

Inna ta karɓe tsinken. Ta cako ɗaya, ta cako biyu, masu zafi daga tsakiyar tanda, ta ce wa ledar, "Ga gyara."

Gwaggo ba ta bari sun shiga cikin goman ba. Ta ciro wani ƙyalle ta naɗe su daban, ta soke a ƙugu.

"Waɗannan ba nawa ba ne. Akwai wanda ya kwana goma bai ci na gidan nan ba, ya dame ni." Kafin in saki numfashi ta ɗaga min yatsa. "Ba ki tsira ba. Ni tsohuwa ce, haƙorana ma huɗu suka rage, ba ƙarya kika yi ba. Amma yarinyar can a gaban mutane kika ci mata mutunci, a gaban mutane za ki ba ta haƙuri. In kin yi, zan koma Zango da magana ɗaya. In kin ƙi, zan koma da wata. Wuce mu je."

Na bi ta. Layin nan taku ashirin ne, amma ji na yi kamar ana tura ni Kongolam a ƙafa. Masu shayi sun fito, ɗan kamasho ya hau kan benci don ya ga da kyau. Ina tafe ina jera kalmomin haƙuri a raina, kuma wallahi da niyya mai kyau nake jera su.

Hadijatu na tsaye tana jiranmu, sabon lalle har gwiwar hannu, tana murmushi kamar ranar sunan ɗanta. Kujerar bakin rumfa babu kowa, Harisu bai iso ba tukuna. Amma a gefen tandarta, inda ɗumi ke bugawa, an riga an ajiye farantin nan shuɗi, an jera biyar ɗinsa, an ɗora gyara a sama yana jiransa.

Daga tsakiyar layi na ƙirga, Gwaggo na riƙe da hannuna.

Yau huɗu ta sa.